3.4 Hano da Bagaruwa Wajen Maganin Kumburi

Daga cikin itatuwan da Bahaushe yake dogaro da su wajen maganin kumburi akwai hano, wanda wasu ke kira ararraɓi. Itace ne mai son wuraren duwatsu, ɓawonsa kuma yakan saluɓe kamar takarda. Masu magani sukan sassaƙo ɓawon a dafa, a ba mai ciwon gaɓoɓi ko sanyin ƙashi ya sha, a kuma yi masa wanka da ruwan. Binciken masana kimiyya ya nuna cewa ƙaron wani ɗan'uwan hano da ke Indiya yana ɗauke da sinadarin da ke rage kumburi, wanda hakan ya ƙarfafa abin da magabata suka gano ta hanyar jarrabawa.

Ita kuwa bagaruwa, 'ya'yanta ake jiƙawa a kurkure baki idan dasashi ya kumbura. Baurin nan nata, wanda majema ke amfani da shi wajen jima, shi ne yake ɗame naman.

Sai dai akwai matsala a nan. Kalmar "kumburi" a Hausa ta haɗa abubuwa biyu: wanda ke zuwa da zafi da zogi, da kuma wanda taruwar ruwa ke haddasawa sakamakon ciwon zuciya ko na ƙoda. Hano ba ya maganin na biyun. Mace mai ciki wadda fuskarta da hannayenta suka kumbura, asibiti ya kamata a kai ta a auna jininta, domin tsayawa shan jiƙe-jiƙe yana iya kai ta ga ciwon jijjiga.