Tsohuwar firintar 3D a Khartoum: a fara da manhajar ciki kafin a buga komai

Tun da sojojin Sudan suka ƙwace Khartoum a watan Maris na 2025, mazauna birnin da na Omdurman suke komawa gida, har da Hausawan da suka daɗe a can. Duk wanda ya tarar da tsohuwar firintar 3D a shago ko a ɗakin gwaji, to ya tarar da abin sana'a, domin na'urar tana narkar da zaren roba ta ƙera maɓalli, murfi ko wani ɗan kayan gyara da ya yi wuya a kasuwa. Sudan ta san amfaninta tun 2013, lokacin da Mick Ebeling na ƙungiyar Not Impossible Labs ya buga wa Daniel Omar hannun roba. Daniel yaro ne daga tsaunukan Nuba da bam ya raba da hannayensa biyu.

Sai dai kunna tsohuwar na'ura kai tsaye yana da haɗari. Bakin da ke narkar da roba yana kai zafin digiri 200. Idan ɗan ma'aunin zafi ya zame daga mazauninsa, allon lantarki zai ɗauka bakin ya huce, ya ci gaba da tura wuta har abin ya kama. Manhajar Marlin, wadda ake samu kyauta tun 2011, tana da tsarin da ke kashe wuta idan zafi ya ƙi tafiya daidai, amma firintoci masu araha irin su Anet A8 da Ender-3 na farko sun fito daga kamfani da wannan tsari a kashe. Wannan ne babban dalilin sabunta manhajar.

Kafin a taɓa komai, a duba maɓallin 115 da 230 da ke jikin akwatin wuta, domin wutar Sudan bolt 230 ce. Sannan a haɗa firintar da kwamfuta ta USB, a aika umarnin M503 ta manhajar Pronterface, a kwafe duk saitin da ya fito a ajiye.

Daga nan sai a buɗe a karanta lambar allon. Idan 4.2.2 ne ko 4.2.7 na kamfanin Creality, aikin da sauƙi: a sa fayil mai ƙarewa da .bin a katin microSD, da sunan da ba a taɓa amfani da shi ba, a kunna na'urar. Tsofaffin alluna masu ATmega1284P kuwa sau da yawa ba su da ɗan shirin da ke karɓar sabuwar manhaja ta USB, dole sai an fara ɗora shi da allon Arduino Uno. Ƙwaƙwalwarsu kilobayit 128 ce kacal, don haka sai an zaɓi abin da za a kunna, amma kariyar zafi ba ta cikin abin da ake cirewa.

Kada a yi wannan aiki da wutar gwamnati kaɗai. Hare-haren jirage marasa matuƙa a madatsar ruwan Merowe a 2025 sun jefa Omdurman cikin duhu, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar ɗora manhaja na iya hana allon tashi. Batir da inbata sun wadatar.

Bayan an gama, M502 yana mayar da saiti na asali, sai a shigar da lambobin da aka ajiye. M303 yana daidaita zafin baki, M92 yana gyara yawan zaren da ake turawa, wanda a Ender-3 yake farawa daga 93. M413 yana ba na'ura damar ci gaba da aiki idan wuta ta dawo, muddin an kunna shi a manhajar. A rufe da M500, in ba haka ba saitin zai goge da an kashe na'ura.

Zaren ma yana buƙatar lura. PLA yana laushi a kusan digiri 60, kuma mota ko rufin kwano a Khartoum cikin watan Mayu na iya kai wannan zafin. Abin da zai zauna a rana gara a buga shi da PETG, a kuma rufe na'urar da zaren daga ƙurar habub.