Darɓa da Kuturtar Gyaɗa

Dattawanmu na Toranke da sauran ƙasar Gaya ba su manta da shekarar 1975 ba, lokacin da kuturta ta cinye gonakin gyaɗa a ƙasar Kano. Wani ɗan ƙwaro ne ke yaɗa ta, wato darɓa.

Yaya za mu gane shi? Mu juya ganyen gyaɗa ko na wake, mu duba ƙarƙashinsa da kan toho. Za mu ga ƙananan ƙwari baƙaƙe sun yi cincirindo, ganyen yana danƙo, tururuwa na hawa suna sauka. In kuturta ta kama gyaɗa, sai ta tsugune, ganyenta ya ƙanƙance ya yi rawaya, ba ta 'ya'yan kirki.

Kuturta ba ta da magani. Wadda ta kamu, mu tuge ta mu binne. Darɓa kuwa, mu daka 'ya'yan darbejiya, mu jiƙa su kwana, mu tace, mu fesa da yamma.

Rigakafi ya fi magani. Mu yi shuka da ruwan fari, kada mu bar tazara mai yawa, mu kuma nemi irin Samaru mai jure kuturta, kamar SAMNUT 24.