Yankan Jeri a Python: Yadda Sunan Mutum Ke Salwanta

A ce ƙungiyar manoma a Rimaye, cikin ƙaramar hukumar Kankiya, ta tara sunayen mutum 200 da za a raba wa taki kafin damina ta faɗi. Ba za a iya sallamarsu rana ɗaya ba, dole a kasa su hamsin-hamsin. Da can magatakarda ne zai ja layi da biro a littafi. Yau matashin da ya koyi Python, ko a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko a shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, abin da zai rubuta bai wuce manoma[0:50] ba.

Wannan shi ne yankan jeri: a ciro wani sashe, asalin jerin kuma yana nan yadda yake. Sai dai harshen nan, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, daga sifiri yake fara ƙirga, kuma lambar da aka rufe da ita ba ta shiga cikin yankan. Mutum na farko shi ne 0, na hamsin shi ne 49.

Masu koyo kan yi ƙorafi, amma ni ina ganin hikima ce. Ku ɗauki lambobin tamkar gambar da ake dasawa a iyakar gonaki: inda gonar wani ta tsaya, nan ta maƙwabcinsa ta tashi. Kashi na biyu manoma[50:100], na uku manoma[100:150]. Ba wanda zai karɓa sau biyu, ba wanda za a tsallake. In goman ƙarshe kake so, manoma[-10:] ta wadatar.

Abin tsoron shi ne yankan ba ya kuka. Nemi manoma[500] kai tsaye, kwamfuta za ta tsaya ta ce babu. Amma rubuta manoma[150:500], sai ta miƙo maka hamsin ɗin da suka rage, shiru. Haka in ka rubuta manoma[1:50] bisa ƙirgen da muka saba: sunaye 49 za su fito, dattijon da ya riga kowa rubuta suna ya koma gida hannu rabbana, ba wanda ya san dalili.

Don haka ɗalibai, duk yankan da kuka yi, ku ƙirga shi da len kafin ku buga takarda, ku tabbatar jimillar kashi huɗun ta koma 200.