KANWA UWAR GAMI A FADAMUN RANO DA KIBIYA

Duk wanda ya bi fadamun ƙasar Rano da Kibiya da rani, tsakanin Fabrairu da Afrilu, ba zai rasa ganin wani abu ba. A tsakiyar lambu mai kore shar sai ka tarar da wani ɗan fili ya yi fako, ba shuka, ba ciyawa. Wani wuri samansa ya yi fari kamar an barbaɗa gari, wani wuri kuwa ya yi baƙi-baƙi da maiƙo, kamar an zubar da man mota. Kwanan baya na fita da ɗalibaina masu koyon aikin malanta, muka tsaya a kan irin wannan wuri. Mai gonar, wani dattijo, ya ce mana shekara uku ke nan yana ƙara wa wurin takin zamani, amma kullum sai daɗa faɗi ya ke yi. Na ce masa, “Baba, wannan ba yunwa ke damun ƙasar ba, kanwa ce ta kama ta.”

To, ruwa ba ya tsami banza. Ya kamata malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi su san mafarin wannan cuta, gama su manoma su kan fara kai wa kuka.

INDA KANWA TA KE FITOWA

Duwatsun da su ka kewaye Rano, har zuwa wajen Kibiya, suna ɗauke da wani sinadari da masana ke kira sodiyam, watau tushen gishiri da kanwa. Shekara da shekaru ruwan sama yana cin duwatsun kaɗan kaɗan, yana kwashe abin da ya narke yana gangarawa da shi kwari. A jigawa, inda rairayi ya yi yawa, ruwa ya kan wuce da shi ƙasa can. Amma a fadama, inda laka ta ke, ruwa kwanciya ya ke yi. Damina a wannan yanki wata huɗu ce zuwa biyar, ruwanta tsakanin inci 30 da 40, sauran watannin kuwa iska da rana ke aikinsu. Rana ta kan ɗauke ruwan, amma ba ta ɗaukar gishirin da ke cikinsa. Kadan ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ya matso sama, ya rage ƙafa biyar ko shida, sai ya riƙa hawowa ta ƙananan kafofi, kamar yadda kananzir ke bin lagwani, ya bushe a sama, ya bar abin da ya ɗauko.

A da, noman rani kaɗan ne, da jigo a ke ban ruwa. Sa’an nan, a zamanin Gwamna Audu Bako, a ka gina madatsar Tiga a kan kogin Kano, a ka gama ta a 1974. Daga nan a ka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, a ƙarƙashin hukumar kogunan Haɗejia da Jama’are da a ka kafa a 1976. Daga baya kuma injunan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse su ka bazu cikin fadamu. Babu mai musun albarkar da wannan ya kawo: shinkafa, alkama, tumatir, albasa. Amma ruwan da a ke zubawa ya ƙaru ƙwarai, hanyar fitarsa ba ta ƙaru daidai da shi ba.

Ga wani ɗan lissafi da kowane akawu zai iya bi. A ƙaddara ruwa ne mai daɗin sha, wanda a kowace lita giram ɗaya bisa goma kaɗai ne gishiri. Kadan a rani guda an ba hekta ɗaya, watau kimanin eka biyu da rabi, ruwa mai zurfin mita ɗaya, an zuba lita miliyan 10 ke nan. Gishirin da ke ciki kilo 1,000 ne, buhu 20 na awon takin zamani. In ruwan bai sami mafita ba, buhunan nan suna nan cikin gona, baɗi kuma a ƙara wasu.

BAMBANCIN GISHIRI DA KANWA

Ƙasa mai gishiri dabam, mai kanwa dabam, ko da ya ke su kan haɗu wuri ɗaya. Mai gishiri ta kan yi farin ɓawo, shuka ta yi yaushi ko da ƙasa na da danshi, domin saiwa ba ta iya jan ruwan. Duk da haka ruwa yana ratsa ta, saboda haka wanke ta ba shi da wuya ƙwarai.

Mai kanwa ta fi mugunta. Ƙasa mai lafiya ’yan dunƙule-dunƙule ce, wani sinadari mai suna kalsiyam ke riƙe da ƙwayoyin laka wuri ɗaya, tsakaninsu kuwa akwai kafofin iska da ruwa. Kadan sodiyam ya yi yawa, sai ya ture kalsiyam, ƙwayoyin su warwatse su toshe kafofin. Kowace mace ta san abin da kanwa ke yi wa wake a tukunya. Kusan haka ta ke yi wa laka. Masana sun yanke cewa in sodiyam ya kama kashi 15 cikin 100 na guraben da laka ke riƙe sinadarai da su, ƙasa ta kamu. Akwai kuma ma’aunin tsami da kanwa da a ke kira pH, daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7. Ƙasa mai kanwa ta kan wuce 8.5, wani lokaci ta kai 10.

Alamunta ba su ɓuya. In an yi ruwa sai ya kwanta kwana da kwanaki, jikinsa gurɓatacce, ba ya tacewa. Da danshi ƙasar santsi gare ta kamar sabulu, in ta bushe fartanya tsalle ta ke yi a kanta. Tsiro ya kan kasa fasa ɓawon ya fito. In ka haƙa rami, za ka ga ƙasan ta tsattsage tsaye tsaye kamar an jera tubala, saiwa kuma ta karkata gefe. Baƙin maiƙon nan da na ambata ruɓaɓɓen ganye ne da taki, kanwa ta narkar da su ta fito da su sama. Ganyen shuka kuwa ya kan yi fari-fari ko rawaya, domin abincin yana nan cikin ƙasa amma kanwa ta ɗaure shi. Shi ya sa ƙarin buhun yuriya asarar kuɗi ce, don a irin wannan ƙasa wani sashe nasa iska ya ke bi.

Ga gwajin da kowane malami zai iya yi da ’yan ajinsa. A sami faranti, a zuba ruwan sama, a ɗauko busasshen curin ƙasa kamar girman ƙwayar wake a ajiye ciki a hankali, kada a motsa. Bayan sa’a ɗaya ko biyu a duba. In curin ya rushe amma ruwa na nan garau, da sauƙi. In wani hazo kamar tsinkakken koko ya kewaye shi, kanwa ta shiga.

BA MU A KA FARA BA

Masu binciken tarihi sun nuna cewa a kudancin Iraƙi, shekara wajen 4,000 da su ka wuce, manoma sun riƙa barin alkama suna komawa ga sha’ir, wanda ya fi jure gishiri, kuma da yawa daga cikinsu suna ɗora laifin a kan ban ruwa ba mafita. A Pakistan, cikin shekarun 1960, sai da gwamnati ta haƙa dubban rijiyoyi domin ta sauke ruwan da ya taso a gonakin Punjab. Indiya ta kafa cibiya musamman a garin Karnal a 1969, ta kuma farfaɗo da filaye masu yawa da a ka riga a ka fid da rai da su. A nan kusa, gonakin shinkafa na Office du Niger a Mali sun sha fama da wannan kanwa.

MAGANI

Na fari, mafita. Magudanar fid da ruwa daidai ta ke da ta kawo shi, amma ita a ke bari kachalla ta cinye, wasu ma su cike ta su yi shuka. Muddin ruwa bai fita ba, duk sauran magani aikin banza ne. Na biyu, a daidaita fili, a ba da ruwa gwargwadon bukata. Na uku, jifsam, watau farin dutsen nan da a ke haɗa siminti da shi, wanda a ke haƙowa a wajen Sakkwato da Fika. Kalsiyam ɗin da ke cikinsa shi ke korar sodiyam daga jikin laka, sa’an nan a malala ruwa ya tafi da shi. Ya kan ci tan 2 zuwa 5 a hekta, wani wuri ma ya fi, saboda haka a fara kai ƙasar a auna, ko a Samaru ko a Jami’ar Bayero. Takin supa ma yana ɗauke da jifsam mai yawa. Na huɗu, takin gida da ɓuntun shinkafa da karmami, a binne su cikin ƙasa maimakon a ƙone. Kada a zuba toka a irin wannan wuri, gama dangin kanwa ce. Na biyar, a fara da shinkafa, don ta fi jurewa; wake da gyaɗa su ne raggwaye a nan.

Rigakafi ya fi magani. Fakon da a yau bai fi faɗin tabarma ba, kwandon taki da yinin gayya a bakin magudana sun isa su tsai da shi. In ya cinye eka, sai an sayar da sa. Ina roƙon malaman Rano da Kibiya su fita da yara fadama kafin ruwa ya sauka, su yi gwajin faranti, su rubuta sunan wuri da abin da su ka gani. Akawuna kuma su tattara, su miƙa wa malaman gona da hakimai, domin a san inda za a fara haƙa.