'Yar Mai Ganye da Ƙullin Tazargade

Kafin ka hango tabarmarta, hancinka ya riga ka isa. Ran kasuwa a Gwandu ko Kalgo, 'yar mai ganye na zaune tsakiyar saiwoyi da sassaƙe: sabara, sanga-sanga, ɓawon marke, har da kalgo, bishiyar da ke takwara da garin. Amma ƙanshin da ya danne saura na tazargade ne, busasshen ganye toka-toka mai ɗan karen ɗaci, an ƙulla shi ƙulli-ƙulli a leda.

"Inna, yaron ne mura ta hana shi barci."

Ba ta miƙa hannu sai ta ji watansa nawa, kuma ko yana kama nono. Sannan ta murje ganyen a tafin hannu, ta ce a kwaɓa da man kaɗe a shafa masa a ƙirji. Jarinta bai taka kara ya karya ba. Abin da ake saye a wurinta shi ne sanin wanda ake jiƙawa, wanda ake dafawa, da wanda ake barbaɗawa kan garwashi, sanin da ta ɗauko tun tana riƙe wa kakarta ƙwarya.

Jiƙo da dafuwa ba ƙaramar magana ba ce. Tazargade na da 'yar'uwa a ƙasar Sin, suna ce mata qinghao. A 1967 gwamnatinsu ta baza masana neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Wata mai suna Tu Youyou ta tarar a littafin Ge Hong, wanda ya haura shekara 1,600, an ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha. Nan ta gane tafasawa ke kashe ƙarfinsa. A 1972 suka tace sinadarin da yau ya zama tushen maganin Coartem, ita kuma ta karɓi kyautar Nobel a 2015.

Da shugaban Madagaska na lokacin, Andry Rajoelina, ya fito da ruwan ganyen qinghao a 2020 wai maganin korona ne, sunan tazargade ya cika gari, magori masu lasifika suka samu abin faɗa. Sai dai dangi ɗaya ba ya nufin ganye ɗaya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a yi maganin zazzaɓin cizon sauro da jiƙon ganyen ba, don ba shi da ma'auni.

Shi ya sa na fi ganin girman 'yar mai ganyen da za ta ɗora bayan hannu a goshin yaro, ta ji zau, ta mayar da ƙullin cikin faifai ta ce, "'Yar nan, goya shi ku tafi asibiti."