Ɗalibin da Ya Tsinci Teku a Kalambaina

Duk malamin da ya daɗe yana koyarwa a tsangayar kimiyya ya san irin wannan ɗalibi. Ya baro sakandare da burin zama likita, amma da sunaye suka fito sai ya tarar an tura shi sashen nazarin ƙasa da duwatsu. Yakan shiga aji a makare, ya zauna can baya, yana lissafin ranar da zai sami damar sauya sashe. A gida kuwa tambaya ɗaya ake yi masa: me mutum zai yi da karatun dutse? Daga cikin darussan da aka ɗora masa akwai na tarihin duniya tun zamanin dauri, kuma sau da yawa wannan darasi ne yake juya masa tunani.

Littafi mai shafi 4,540

Abu na farko da ke sa shi ya ɗaga kai shi ne yawan shekarun da ake magana a kansu. Masana sun ƙiyasta cewa duniya ta kai kimanin shekara miliyan 4,540. Ba da ka aka yi wannan lissafi ba. Sinadarin yuraniyom yakan rikiɗe ya koma darma sannu a hankali, bisa ƙa'idar da ba ta sauyawa, saboda haka idan aka auna yawan kowannensu a cikin dutse ana iya sanin daɗewarsa. A 1956 wani Ba'amurke, Clair Patterson, ya auna darmar da ke cikin duwatsun da suka faɗo daga sararin sama, ya fitar da adadin da har yau bai sauya sosai ba.

Don mai karatu ya fahimci girman wannan adadi, sai ya ƙaddara littafi mai shafi 4,540, kowane shafi shekara miliyan ɗaya. Manyan dabbobin nan da ake kira dainaso sun ƙare ne ana saura shafi 66 a rufe littafin. Tarihin sarautar Kano kuwa, tun daga Bagauda zuwa yau, bai cika kalma ɗaya ba a layin ƙarshe na shafin ƙarshe.

Yadda ake karanta littafin ma yana da ƙa'ida, wadda Nicolas Steno, mutumin Denmark, ya bayyana tun 1669: idan laka da yashi suka kwanta hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Duk wanda ya taɓa leƙa rijiya ana haƙa ta, ya ga jar ƙasa ta wuce, yashi ya biyo, sannan laka, to, ya ga shafukan da idonsa.

Gani ya kori ji

Amma ƙaunar darasin ba a cikin aji take kama ɗalibi ba, sai ranar da aka fita da shi daji da guduma da littafin rubutu. A Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato, akwai farin dutsen da masana'antar siminti take haƙa. Ɗalibi ya fasa guntu ɗaya, sai ga siffar katantanwa da ta ƙumba kwance a ciki, sun zama dutse. Waɗannan halittun ruwan gishiri ne, alhali tsakanin Sakkwato da teku akwai ɗaruruwan kilomita. Ina suka fito?

Amsar ita ce, tekun ce ta zo ta same su. Tsakanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, wani reshen teku marar zurfi sosai ya riƙa shigowa daga arewa, ta inda Aljeriya da Mali da Nijar suke a yau, yana malalowa yana janyewa. Dutsen Kalambaina tarin ɓawon halittun wannan ruwa ne, na kimanin shekara miliyan 60. A yankin Dange ana tsintar haƙoran kifaye. A shimfiɗar Dukamaje, wadda ta girme su, an sami ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa, dangin guza da damo. W. E. Swinton na Birtaniya ne ya fara bayyana ta a 1930, sannan a 1972 masana daga Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. Ɗalibin da ya ji sunan garin da ya sani a bakin masanan duniya, da wuya ya sake zama a bayan aji.

Daga nan sai ya fara neman shafukan da suka gabaci na Sakkwato, neman da zai kai shi hayin iyaka, Jamhuriyar Nijar. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere kudu maso gabas da Agadas, akwai duwatsun da suka kai kimanin shekara miliyan 110, lokacin da wurin yake ƙasar koguna da fadamu. Bafaranshe Philippe Taquet ya fara aiki a can a tsakiyar shekarun 1960. Daga wurin aka sami Sarcosuchus, dangin kada mai tsananin girma, da Ouranosaurus wanda aka sa wa suna a 1976. A 1999 kuma ayarin Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya bayyana Nigersaurus, mai cin tsirrai da ke da haƙora fiye da 500. Wanda ya je gidan tarihi na ƙasa a Yamai zai ga irin waɗannan ƙasusuwa.

Amfanin karatun dutse

Mai karatu zai lura da abu guda: ƙasusuwan na yankin nan ne, amma sunayen waɗanda suka bayyana su galibi na baƙi ne. Wannan giɓi ba zai cike ba sai ɗaliban gida sun rungumi fannin da zuciya ɗaya. Daɗin daɗawa, ilmin ba na sha'awa kaɗai ba ne. Wanda ya san jerin shimfiɗun ƙasa shi ne zai faɗa wa mai haƙa rijiyar burtsatse inda yashi mai riƙe ruwa yake, kamar shimfiɗar Gwandu, da inda laka za ta cinye kuɗin jama'a a banza. Siminti ma da ake gini da shi sai da wani ya fara gane dutsensa.

Malaman sakandare suna iya shuka wannan sha'awa ba tare da kayan aiki masu tsada ba. A kai ɗalibai bakin rijiyar da ake haƙawa ko gaɓar kwari, su zana hawa-hawan ƙasar, su auna kaurin kowanne. A ɗiga ruwan tsami a kan farin dutse, in ya yi kumfa, alama ce ta irin dutsen Kalambaina. Idan an ci karo da ƙashi a jikin dutse, kada a ɓamɓare shi. A rubuta wurin, a sanar da jami'a mafi kusa, domin ƙashin da aka raba da shimfiɗarsa ya rasa rabin labarinsa.

Shi kuwa ɗalibin nan, yakan koma gida hutu da guntun dutse a aljihu. Idan aka sake yi masa tsohuwar tambaya, sai ya fito da shi, ya nuna katantanwar da ke ciki, ya fara bayani.