Yaron da kunnensa ba ya daina ruwa: wata cutar gado da ke kama 'ya'ya maza

Uwargida, ko kin san yaron da ya yi wata shida lafiya ƙalau, sai kuma ciwo ya sa shi gaba? Yau kunne na ruwa, gobe ciwon huhu, jibi gudawa. A sha magani ya lafa, bayan sati biyu ya dawo. Idan aka rasa yaro biyu ko uku ta wannan hanya, sai a fara cewa uwar tana wabi.

Yawanci irin wannan laulayi yana da dalilan da aka saba da su, kamar ƙarancin abinci mai gina jiki ko sikila. Amma akwai wani dalili da ba kasafai ake tunaninsa ba. A 1952 wani likitan yara na sojan Amurka, Ogden Bruton, ya duba jinin wani yaro ɗan shekara 8 mai yawan rashin lafiya, ya tarar babu sinadaran garkuwa a ciki. Sai a 1993 aka gano ƙwayar gadon da ke da alhaki, aka sa mata suna BTK.

Wannan ƙwayar gado tana ƙera wani furotin mai aiki kamar makunnin fitila. Shi ke ba wasu fararen ƙwayoyin jini da ke cikin ɓargo umarnin su girma, su kuma ke samar da sinadaran da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. Idan makunnin ya lalace, sai su tsaya a jarirai. Lafiyar watannin farko kuwa taki ce: garkuwar da kika ba shi tun yana ciki ke kare shi, tana kuma ƙarewa wajen wata shida.

Me ya sa maza? BTK tana kan zaren gado da ake kira X. Mace tana da biyu, idan ɗaya ya samu matsala ɗayan ya rufa masa. Namiji ɗaya gare shi, daga mahaifiyarsa. Uwa mai ɗauke da ita lafiyarta ƙalau, amma kowane ɗa namiji da ta haifa yana da rabin yiwuwar gado. Ba laifinta ba ne, ba ta zaɓa ba, wani lokacin ma a jikin yaron canjin ke fara faruwa.

Don haka ki tuna danginki na wajen uwa. Akwai yayyenki maza ko kawunnanki da suka rasu suna ƙanana bayan doguwar jinya? Ki faɗa wa likita, ki nemi a tura ku babban asibiti a auna garkuwar jinin yaron.

Cutar ba ta warkewa, amma ana sarrafa ta. Ana ƙara wa yaro sinadaran garkuwa ta jijiya duk bayan sati uku zuwa huɗu, tsawon rayuwarsa. Maganin yana da tsada. Wanda aka gano da wuri, kafin huhunsa ya lalace, yakan yi makaranta, ya girma, har ya yi iyali.